Sunan 'Yar Fari a Cikin Waya

Na shafe mafi yawan rayuwata ta aiki ina adana bayanai a sashen lafiya, kuma sunayen da suka bi ta hannuna a tsawon wannan lokaci ba su lissafuwa. Galibinsu sun dusashe a raina kamar tawada a tsohuwar takarda. Amma akwai suna guda da na ji a cikin wayar hannu, ina zaune a kan wani dutse a gefen wani ƙauye na mazaɓar Dingaya, wanda na tabbata ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina. Labarin yadda aka yi sunan nan ya shiga wayar shi ne nake so in bayar yau, tunda shekaru sun ja, kuma babu wanda bayar da shi zai kunyata.

A shekarar da abin ya faru, wata ƙungiya ta zo da aikin binciken lafiyar idon yara a Birnin Kudu da Gwaram. Tsarin mai sauƙin fahimta ne. Za a bi gida gida a rubuta yara, a tambayi iyaye ko akwai mai matsalar gani. Duk yaron da sunansa ya fito, za a kawo shi babban asibitin Birnin Kudu lokacin da ayarin likitocin ido za su zo, a duba shi, a yi masa aiki kyauta idan da bukata. Wanda sunansa bai shiga ba kuwa, babu gurbinsa. Sabon abin da ke cikin aikin shi ne, a karo na farko ba za mu riƙe takarda ba. Wayoyi aka raba mana, kowace da manhajar tambayoyi a cikinta. An aro ni daga ofishinmu aka ba ni duba aikin ƙaramin rukuni, ni ne kuma mai tantance duk abin da aka shigar kafin a tura shi birni.

Ba na cikin tsofaffin ma'aikatan da suka ƙi jinin wayar. Ni da na sha ganin gara ta cinye aikin shekara guda a cikin kabad, na kuma sha shanya takardun da ruwan sama ya jiƙe a kan tabarma, na san darajar abin da ba ya jiƙewa, ba ya ɓata a hanya. Aibinta guda na gani tun ranar farko: ba ta da gefe. A takarda, idan amsar mutum ta ƙi shiga gurbin da aka tanada, sai ka koma gefe ka rubuta abin da ka gani da idonka. Waya kuwa abin da aka koya mata kaɗai take karɓa. Idan ka ce mata a'a, sai ta tsallake tambayoyin da ke biye, ta rufe gidan, ta nemi na gaba.

A wurin bitar da aka yi mana a birni na ɗaga hannu. Mai koyarwar wani matashi ne mai fara'a, wanda ya san wayar ciki da waje. Na ce masa tambayar da ke cewa uwa ta lissafa 'ya'yanta da sunayensu za ta ba mu matsala a wasu ƙauyukanmu, domin akwai matan da ba sa ambaton ɗan fari.

Ya yi murmushi ya ce, “Haba Malam, wace uwa ce za ta manta da ɗan da ta haifa?”

Na ce, “Ban ce mantuwa ba. Kunya na ce.”

Ya ce, “Ai wannan tsohon yayi ne. Yanzu kan kowa ya waye. Mu ci gaba, lokaci yana tafiya.”

Aka yi dariya a zauren. Na miƙe tsaye na nemi a rubuta a bayanan taron cewa na yi wannan gargaɗi, aka ƙara yin wata dariyar. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke zaune kusa da ni, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ce a hankali, “Zauna, Sarkin Rijista, kafin ka sa a hana mu shayi.” Tun daga ranar sunan ya bi ni, ita kuma aka sa ta a rukunina. Mace ce mai jiki, mai baki, mai tausayi, wadda ta karɓi haihuwar yaran da yanzu suke da nasu 'ya'yan. Allah Ya jiƙanta, ta riga mu gidan gaskiya.

Abin da matashin nan bai sani ba shi ne, ni kaina ɗan fari ne. Mahaifiyata ta rayu ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan na dawo hutu daga makarantar kwana, ba ta kallon inda nake, sai ta ce wa ƙanena, “Tambayi baƙon can ko ya ci abinci.” Amma duk ranar da aka yi yanka a gidanmu, idan na kai ƙasan kwanona sai in tarar da tsokar da ta fi kowace kyau a binne a ƙarƙashin tuwo, inda babu mai gani. Haka na taso, kuma ban taɓa shakkar matsayina a wurinta ba. Saboda haka da muka fito aiki, na gargaɗi mutanena cewa bayan sun gama karanta tambayar waya, su ƙara da tasu ta baki: ko akwai na fari?

Kwanakin aikin nan suna cikin mafi daɗin kwanakin da na yi a duniya. Kaka ce, an yanke gero, an jingina riɗi a gonaki yana bushewa, duk gidan da ka shiga sai an cika maka aljihu da gyaɗa. Mukan tashi daga Birnin Kudu da sassafe a mota, daga Gwaram mu hau acaɓa, mu bi burtali muna kauce wa shanu. Da yamma mu jera wayoyinmu a rumfar mai caji kamar jariran da aka kawo awo, mu zauna a benci muna shan rake, Hajiya tana kwaikwayon yadda wani dattijo ya gyara hula ya gaida wayar kafin ya amsa tambaya. A yawancin ƙauyukan babu sabis, sai an nemi tudu. Har yanzu idan na rufe ido ina ganinmu a tsaye a kan jigawa, kowa ya ɗaga hannu sama da waya, kamar masu roƙon ruwa.

Ƙauyen ƙarshe da muka yi na wasu mutane ne da asalinsu makiyaya ne, amma sun daɗe da zama wuri guda, suna noma suna kiwo. Hausa ce a bakinsu, sai dai kunyar kakanninsu tana nan ba ta je ko'ina ba. Mun gama gidajensu kaf, na tantance, na hau wani dutse da ke bayan gari inda sabis ke samuwa, na tura. Washegari muka koma don yin sallama da mai unguwa kawai, domin a ranar ne da la'asar za a rufe karɓar sunaye a birni.

Muna zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidansa sai ga wata mata ɗauke da ƙwaryar nono. Ta sauke ta ɗan nesa da mu, ta durƙusa ta gaishe mu, ta zauna. Ba ta buɗe faifan ba, ba ta yi talla ba, ba ta kuma tashi ba. Hajiya ta gane ta, domin ita ce ta yi mata tambayoyi.

Ta ce, “'Yar uwa, nonon na sayarwa ne ko na kallo?”

Matar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Can ta ce, “Hajiya, wannan abar taku, tana karɓar wanda ba a faɗa ba?”

“Kamar wa?”

“A gidan tsohuwa can, akwai wata. Idonta ya yi fari.”

“Wace ce ita?”

“'Yar tsohuwa ce.”

“Tsohuwar da ta ce mini ta gama haihuwa tun kafin a haife ni? Ina ta samo 'ya?”

Matar ta juya fuska ta kalli gefen gona. Ni kuwa na san wannan juyin fuskar. Na girma ina ganinsa. Na ce wa Hajiya a hankali, “'Yarta ce. Ta fari.”

Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi! Wallahi na tambaye ta, Malam. Na ce akwai na fari? Ta yi shiru ta sunkuyar da kai, matan gidan suna zaune. Na ɗauka rasuwa ya yi, na ce Allah Ya jiƙansa, na wuce.”

Ba laifinta ba ne. Duk wanda ya yi aikin lafiya a karkara ya san cewa idan uwa ta yi shiru a kan ɗa, ba a tono. Da na bi sawun abin sai na ga yadda yarinyar ta faɗa tsakanin gida biyu. A gidan uwarta ba a ambace ta ba, domin tun da aka yaye ta aka miƙa ta ga kakarta ta wajen uba, kamar yadda suke yi da ɗan fari. A gidan kakar kuwa, tambayar farko da waya ke yi ita ce ko akwai mace mai 'ya'ya ƙanana a gidan. Tsohuwa ta ce babu, kuma gaskiya ta faɗa. Nan take waya ta rufe gidan ta nemi na gaba. Babu wanda ya yi ƙarya, amma yarinya guda ta ɓace daga lissafin duniya.

Muka tafi gidan tsohuwar, matar tana biye da mu daga nesa, kamar hanya ce kawai ta haɗa mu. Mun sami yarinyar a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ba za ta wuce shekara tara ba. Hannuwanta suna aiki da sauri, amma ba ta kallon abin da take yi. Da ta ji sallamarmu sai ta karkata kai gefe guda, tana neman mu ta wutsiyar ido. Hajiya ta durƙusa ta ɗaga mata haɓa. Wata farar yana ta rufe mata idon dama gaba ɗaya, na hagu kuma ta fara cinye shi.

Tsohuwar ta fito tana dogara sanda, ta ce, “Ƙawata ce, da ita nake hira. Bara tana kai mini awaki kiwo. Bana ko rijiya sai ta riƙe zanena.”

Na ce, “Inna, me ya sa ba ki faɗa wa Hajiya ba ranar da ta zo?”

Ta ce, “Ɗan nan, an tambaye ni ne? Ta karanta abu guda, abar ta yi ƙara, ta ce mun gode. Ko ruwan da na kawo mata ba ta shanye ba.”

Na bar su na hau dutsen, na kira shugaban aikin a birni. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce gidan da aka riga aka tura ba ya buɗuwa. Na ce to a buɗe sabon gurbi. Ya ce an hana, domin a wani wurin an kama ma'aikata suna cusa sunayen bogi. Na tuna masa cewa na yi gargaɗi a kan wannan tambaya tun a wurin bita, a gaban jama'a, aka mayar da ni abin dariya. Na ce masa idan yarinyar nan ta makance, zan rubuta rahoto da hannuna in bayyana dalili, in sa hannu, in kai duk inda ya kamata. Muryata ta ɗaga har awakin da ke gindin dutsen suka watse. Ban saba ɗaga murya ga na gaba da ni ba, amma ranar nan ban ga abin da zai hana ba.

Sai ya ce akwai hanya guda. Manhajar tana da gurbin ƙari na gaggawa, amma ba ta karɓarsa sai da muryar uwa ko uba a naɗe, yana faɗin sunan yaron da bakinsa, yana cewa ya yarda a duba shi.

Na ce, “Uban yana kudu da shanu, babu mai samunsa. Kakarta ce ke riƙonta, ita za ta faɗa.”

Ya ce, “Babu gurbin kaka, Malam. Uwa ko uba.”

“Uwar ba za ta iya faɗin sunan ba. Dalilin da ya kawo mu nan ke nan.”

“To ni iyakar abin da zan iya ke nan. Da la'asar na'ura za ta rufe da kanta, ba ni ne zan rufe ta ba.”

Na sauko na faɗa wa Hajiya a bayan danga. Ba ta ɓata lokaci ba ta miƙo hannu ta ce, “Kawo wayar. Tsohuwa ta faɗa mini sunan, ni zan faɗa. Wa ya san muryata a birni?”

Na ce, “Ba za a yi haka ba.”

“Saboda me?”

“Saboda ke ba uwarta ba ce, kuma ni ne zan danna in ce na tantance.”

Ta zuba mini ido ta ce, “Sarkin Rijista, ka ji tsoron Allah. Idon yarinya ake magana, kai kana maganar dannawa?”

Na ce mata idan aka gano murya guda ta bogi daga hannunmu, za a yi shakkar duk sunayen da muka tura daga mazaɓar, yaran da suka riga suka samu gurbi su ma su rasa. Na kuma ce mata ko da na tabbata ba za a gano ba, ban taɓa sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba, kuma ba zan fara ranar nan ba. Ta ce mini abubuwan da ba zan maimaita ba, mafi sauƙinsu shi ne wai zuciyata da katako aka sassaƙa ta. Na tsaya ina ji, rana tana karkata, yarinyar kuma muna jiyo ƙarar ɓarar gyaɗarta ta cikin danga, ba ta san ana yi ba.

Daga nan na shiga gidan. Uwar tana tsugune a bakin ƙofa kusa da ƙwaryarta, ta ba wa rumbun baya. Na tsaya nesa da ita, na fuskanci wani wajen, domin na san irin wannan magana ba a yin ta ido da ido.

Na ce, “Baiwar Allah, zan faɗa miki gaskiya yadda take. Sun ce sai an ji sunanta daga bakinki. Na roƙa a karɓi na tsohuwa, sun ƙi. Ba zan tilasta miki ba, kuma ban ɗauki abin da kike yi wauta ba. Ni ma na fari ne. Wadda ta haife ni ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa riƙe ta da shi ba.”

Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa ta ce, “Ke, ni da ake jin kunyata na yafe. Faɗi mana!”

Matar ba ta motsa ba. Hawaye kawai na ga yana ɗiga a kan faifan ƙwaryar. Izinin suruka ba shi ne matsalar ba. Abu ne da ta shekara tara tana riƙe da shi a bayan haƙoranta, tun ranar suna, kuma uwarta ma haka ta yi, da uwar uwarta. Ba a sauke irin wannan kaya don wani ya ce a sauke.

Can ta yi magana, muryarta ƙasa ƙasa. “Wa zai ji?”

Na ce, “Ni, domin sai na tabbatar ya naɗu. Sai wani a birni da bai san ki ba, ba kuma zai taɓa ganinki ba.”

“Tsohuwa fa?”

“Ba za ta ji ba.”

“Ita fa?”

“Ita ma ba za ta ji ba.”

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, “A nuna mini inda ake taɓawa.”

Tsohuwar ta fahimci abin da ake bukata tun kafin a faɗa mata. Ta kama hannun jikarta ta ce, “Taso, ƙawata, mu je mu ga ko akuyar nan ta haihu.” Ta kori matan da suka fara leƙe ta saman danga, ta fice. Hajiya ta raka matar cikin ɗaki, ta koya mata abin da za ta ce, ta danna jan maɓallin, ta fito ta saki asabari. Muka koma can bakin zaure muka tsaya.

An daɗe. Har na fara tunanin ta fasa. Sai asabarin ya ɗaga, ta fito, ba ta miƙa wa kowa wayar ba. Ta ajiye ta a kan wani turmi da ke kife, ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka, ta bi ta gabanmu ta wuce ba ta kalli ko ɗayanmu ba.

Na hau dutsen ni kaɗai, na zauna, na kara wayar a kunne. Da farko babu komai sai kukan kaza da numfashin mutum. Numfashin ya yi ta hawa yana sauka. Sannan muryar ta zo, tana rawa: “Ni ce uwar...” sai ta tsaya. Ta sake farawa. A karo na biyu ta faɗi sunan, da sauri, kamar mai cire ƙaya. Ta ce ta yarda a duba idonta. A nan ya kamata naɗin ya ƙare, amma ba a koya mata yadda ake tsayarwa ba, kuma ina jin ta ɗauka abar ta gama ji. Bayan ɗan shiru sai na ji ta sake faɗin sunan, wannan karon a hankali, tana jan sa, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe ana hana ta. Sannan ta ce, “'Yata.”

Na cire wayar daga kunnena. Akwai sauran naɗi, amma na riga na ji abin da aikina ya wajabta mini in ji, ragowar kuwa ba da ni ake ba. Na danna na tura. Ina kallon alamar tana juyawa har ta nuna ya tafi, ana kiran sallar la'asar a masallacin ƙauyen. Ban sauko nan da nan ba. Na zauna ina tunanin wata mata da ke kwance a maƙabartar garinmu, ina tambayar kaina ko ita ma, idan ɗaki ya zama babu kowa, takan faɗi nawa.

Da na sauko Hajiya ta dubi idona, ba ta tambaye ni abin da na ji ba. Ta ɓare gyaɗa ta zuba mini a hannu ta ce, “Ci, Sarkin Rijista. Katakon naka ya jiƙe.”

Da likitocin suka zo, tsohuwar ce ta kawo yarinyar Birnin Kudu. Ina shiga asibitin da safe sai na hango uwar zaune a gindin wata bishiya a wajen ƙofa, da ƙwaryarta a gaba. Na gaishe ta, ta ce tallan nono ta kawo kasuwa. Ranar ba ranar kasuwa ba ce, kuma har na fito da yamma faifan nan yana rufe yadda na bar shi. An yi wa yarinyar aiki. Idon hagu ya warke sarai, na dama kuwa an makara, haske kaɗai yake bambancewa. Hajiya tana wurin lokacin da aka cire bandeji. Ta ce tsohuwar ta kawo fuskarta kusa ta ce, “Ƙawata, me kika gani?” Yarinyar ta ƙura mata ido ta ce, “Inna, ashe haka kika tsufa?” Ɗakin duka ya ɗauki dariya, tsohuwar tana dariya tana kuka tana cewa a mayar da bandejin.

Rahoton da na yi alkawari na rubuta shi, ban sassauta ko kalma guda ba. Da aka sake irin wannan aiki daga baya, na tarar an ƙara tambaya a kan yaran da ke hannun kakanni, an kuma buɗe gurbin mai riƙo. A wurin bitar aka gabatar da gyaran a matsayin abin da masana suka gano. Ban ɗaga hannu ba. Hajiya ce ta juyo ta kalle ni, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Allah Ya saka wa masana da alheri.”

Bayan na yi ritaya, wata rana a kasuwar Birnin Kudu na ga matar a layin masu nono. Furfura ta fara fito mata, amma na gane ta, ita ma ta gane ni. Muka gaisa, na tambayi tsohuwa, ta ce tana nan da ranta. Sai na ce, “Yaya yarinyar nan?”

Ta juya fuska ta kalli wani wajen, irin juyin nan da na sani. Ta ce, “Wace? Oho, 'yar tsohuwa. An ce tana makaranta. Wai ita ke karanta wa mutane saƙon waya.” Tana faɗa tana cika mini kwano da nono har yana zuba, ta kuma ƙi karɓar ko sisi.

Sunan nan yana nan a raina, amma ba zan rubuta shi a nan ba, domin ba ni aka faɗa wa ba. Abin da na koya a ranar nan shi ne, bayanin da aka tattara ba ya cika don an cike kowane gurbi. Waya tana riƙe abin da aka faɗa mata da amana, amma ba ta san shiru ba, alhali mutanenmu sukan ajiye abin da suka fi so a cikin shirunsu. Duk wanda aka ba shi amanar ƙidayar mutane, wajibi ne ya riƙe gaskiya kada ya ƙara ko harafi, kuma wajibi ne, idan uwa ta gama lissafa 'ya'yanta ta sunkuyar da kai, ya ajiye na'urar a gefe ya ɗan jira.